Keken da Ba Ya Taka Dokin Ƙofa

Rana ba ta gama fitowa ba aka ji Baba Masinja yana kwaɗa kira daga soron gidansa, wai an sace masa keke. Maƙwabta suka taho a guje, wani da asuwaki a baki, wani da takalmi wari ɗaya. Da suka leƙa sai suka ga keken a tsaye inda ya saba tsayawa, jingine da bango, shuɗi, da kansa mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, da tsohon sirdinsa na fata.

"Baba, ai ga keken nan," in ji matar tela.

"Wannan ba nawa ba ne."

Aka kalli juna. Duk layin an san keken nan. Keken tsere ne na zamanin da, wanda Baba ya saya na hannu tun yana saurayi, ya yi aikin kai saƙon ofis a kansa har ya yi ritaya. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ya daina hawa, amma kullum da safe sai ya lalubo soro, ya ɗaga tayar baya, ya juya feda, ya saurari kukanta.

Mutanen layin nan kuwa ba sa barin magana ta huce. Kafin shayi ya sauka daga wuta sun rabu biyu. Wasu suka ce Mai Faci ne ya yi musanya, tun da shi ke zuwa sa wa keken mai, kuma jiya ma an gan shi a soron. Wasu suka rage murya suka ce tsufa ne ya fara taɓa kan Baba.

Babban ɗansa, direban babbar mota da kowa ke kira Babban Yaya, wanda ya shigo gari kwanakin nan, ya iso ya dubi keken, ya dubi mahaifinsa, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya daɗe yana roƙon tsohon ya koma wurinsa a wani gari, tsohon yana ƙi.

"Baba, yau ka kasa gane kekenka, gobe ƙofar gidanka za ka kasa ganewa. Ranar Asabar zan zo da mota, magana ta ƙare. Auta, kai ma ka duba, ko ba shi ba ne?"

Auta, ƙaramin ɗan, mai shagon aski a bakin titi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Shi ne, Yaya."

*

Mai Sawu yana karyawa labarin ya same shi, ya ture kwanon ya miƙe. Sana'arsa bin sawu ce. In akuya ta ɓata ko an haura katanga, shi ake kira, ya sunkuya ya karanta ƙasa. Mutum ne mai nawa, ko gobara aka ce ana yi sai ya nemi hularsa. Amma in an ambaci Baba Masinja, ƙafarsa ba ta shawara da shi.

Dalilin tsoho ne. Lokacin da 'yarsa ta fari take goye, wani zazzaɓi ya kama ta da rana tsaka har ta fara sanƙarewa, ga direbobin gari suna yajin aiki, ko amalanke babu a titi. Baba Masinja ne ya ce a ɗaura masa yarinyar a ƙirji da zani. Abin da Mai Sawu bai taɓa mantawa ba shi ne, a cikin wannan tashin hankali sai da mutumin ya saɓa keken a kafaɗa ya tsallake dokin ƙofa da shi, sannan ya hau. Ran nan ji ya yi kamar ya shaƙe shi don haushi. Amma kafin shi ya kai rabin hanya a guje, yarinyar tana hannun likita. Yau ita ke da 'ya'ya a ɗakinta, kuma duk sanda ya ji dariyarta sai ya sa wa tsohon albarka a zuci.

Ya tarar da ƙofar gidan an tattake ta kamar bakin rijiya. An ɗan yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi, amma takalman 'yan kallo sun cinye kusan komai. Wuri ɗaya ya tsira, ɗan tsirin laka a gindin dokin ƙofa, inda kowa ke tsallakewa. Ya ari daro wurin matar tela ya kife a kai, ya ce duk wanda ya ɗaga shi ya kuka da kansa.

Baba yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, ni ne. Yaya aka yi ka gane?"

"Kai ma gwada ni ka zo yi?"

"Koyo na zo yi."

Tsohon ya ɗago. "Kekena da yatsa biyu nake ɗaga bayansa. Wannan sai da na sa hannu biyu ina nishi. Nawa in na juya shi, tik-tik-tik yake yi a hankali kamar agogo, wannan kuwa ƙara yake kamar ana niƙa tsakuwa. Na faɗa musu, suka ce ƙarfina ne ya ƙare, kunnena ne ya mutu. Sirdin nawa ne, ƙararrawar tawa ce, sauran ban san shi ba." Ya kamo hannun Mai Sawu. "Ɗan nan, a ɗakin can uwarsu ta cika. Kowane lungu na gidan nan ƙafata ta san shi ba sai da ido ba. In suka kai ni wani gida, makaho zan zama na gaske."

Zuciyar Mai Sawu ta karye. Ya ce, "Ba inda za ka, in Allah ya yarda."

*

Mai Faci yana zaune a rumfarsa, ko keke ɗaya babu a gabansa, ga bahon ruwan gwada tsub ya kwanta lumui. Gajere ne, ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana yaro, bakinsa kuwa lafiyarsa ƙalau.

"In kama ni ka zo yi, ka zo da abin ɗauka, don ba zan taka ba."

"Ido na zo ara. Zo ka duba mini keke."

Da ƙyar ya yarda. Suna shiga soron ya tsaya daga nesa ya ƙare wa keken kallo, sai ya yi tsaki mai tsawo.

"Wannan ne ake cewa ni na haɗa? Wallahi an zage ni sau biyu."

Ya ciro sifana ya ɗan ƙwanƙwasa dogon bututun jikin keken. Ƙarar ta fito dum, ta mutu nan take.

"Ka ji? Bututun famfo ke nan. Na Baba in ka taɓa shi da farce ma, sai ya yi ta amsawa kamar kofin tangaran, don ƙarfen sirara ne, mai kyau. Duba mahaɗar nan. A na Baba, kowane bututu a cikin wani hannun riga na ƙarfe yake shiga, an sassaƙa bakinsa kamar ganye, an goge shi har ya yi sumul, an cika da tagulla. Nan kuwa walda ce aka dunƙula aka shafe da fenti. Leƙa inda tayar baya ke zama. Na Baba ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera, har da 'yar kusar saiti. Wannan falle ne aka matse." Ya sa farce ya ɓamɓaro gefen tambarin gaba. "Na Baba da ƙusa aka kafa shi. Wannan gam ne. Ga tayar ma, ta fi ta Baba faɗi."

"Me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"Na aika aka gaya wa Babban Yaya. Ya ce ni ko Baba ya ce keken nan jirgi ne, zan ce na ga fukafukai. 'Yan layi kuma suka ce wa zai san bambancin in ba wanda ya yi musanyar ba. Ka ga ko ta ina na juya, ni ne a ƙasa."

"Jiya da ka zo, ka fitar da shi waje?"

"Da wace ƙafar? A nan nake yi masa komai, a zaune."

Mai Sawu ya gode masa har bakin ƙofa. Yanzu ya tabbata kan Baba daram yake. Saura ya tabbatar wa Babban Yaya mai mota, kuma mai mota ba zai yarda da baki ba sai ya gani da idonsa.

*

Matar tela ce ta tsegunta masa cewa Dillali, mai sayar da kayan gwanjo a bayan kasuwa, ya yi ta zarya gidan Baba kwanakin baya. Har ta rantse an ga keke mai ƙahon rago a rumbunsa.

Dillali ya tarbe shi da fara'ar da ta fi ƙarfin ziyarar. Da aka zo maganar keke, bai yi musu ba, ya janye wani buhu, sai ga keken tsere ja, duk tsatsa. Mai Sawu ya matso kusa, don fenti ba shi da wuyar sauyawa. Ya ƙwanƙwasa bututun yadda ya ga Mai Faci ya yi. Dum.

Dillali ya tuntsire da dariya. "Ashe an koya maka. Ba shi ba ne, ranka ya daɗe. Da shi ne, da ba a ƙarƙashin buhu za ka same shi ba. Akwai masu tara tsofaffin kekuna da suka hana ni barci a kan na Baba. Na je na roƙe shi, ya kore ni da sanda. Sai na bi ta wurin Babban Yaya."

"Me ya ce?"

"Ya ce in yi haƙuri, in tsohon ya koma wurinsa za a kwashe tarkacen gidan, sai in zo in ɗauka. To ka gaya mini, mutumin da aka yi wa alkawarin abu, me zai kai shi sata?"

"Wa ya ji wannan maganar?"

"A shagon aski muka yi ta, yana kan kujera. Rabin garin nan sun ji."

Mai Sawu ya fito yana jan ƙafa. Hanyar da ya ɗauka za ta ɓulle ta mutu a gabansa, ga yini ya raba.

*

Ya koma gidan, ya kore 'yan kallo, ya ɗaga daron ya tsuguna. Sawun taya ɗaya ne a lakar, mai faɗi, ya miƙe har dokin ƙofa, ya bar taɓo a gefen siminti inda aka turo shi da ƙarfi, sannan ya ci gaba a ƙurar soron har bango. Wannan shigowar baƙon keken ce. Ya nemi fitar na Baba, siririn layin nan kamar an ja zare, ya duba lakar, ya duba ƙurar soron taku-taku. Babu shi ko kaɗan. Keke ya shigo da ƙafarsa, ɗayan kuma ya fita bai taɓa ƙasa ba.

Ya daɗe a tsugune, sai ranar zazzaɓin nan ta faɗo masa a rai. Ya miƙe a hankali ya dubi gefen ƙofar. Daidai kafaɗar gajeren mutum, farar ƙasar bangon ta yi baƙi da gogar taya ta shekaru, inda bayan keken ke shafa in Baba ya saɓa shi. Sama da wannan da kamar tsawon hannu, ga wata goga guda, sabuwa fil, ko ƙura ba ta hau ba.

Ya shiga ciki. "Baba, me ya sa kake saɓa keken nan in za ka fita?"

"Wilinsa siriri ne, in ya daki dokin ƙofa sai ya karkace. Doka ce a gidan nan. Yarana sun sha ranƙwashi a kanta tun kafin ƙafarsu ta kai feda."

Mai Sawu bai ji daɗin abin da ya gano ba. Ɓarawon waje turawa zai yi ya yi gaba. Wanda ya fitar da keken nan dogo ne, kuma ya sha ranƙwashin gidan. 'Ya'yan Baba biyu ne, dukansu kuwa dogaye.

*

Da la'asar ya tara su a ƙofar gidan: Babban Yaya, Auta, Mai Faci da Dillali. Aka fito wa Baba da kujera. Matar tela ba a gayyace ta ba, amma ta zo da nata abin zama, sauran layin suka tsaya a bayanta.

Babban Yaya ya ce, "Mai Sawu, muna ganin girmanka, amma kada ka ƙara wa tsohon nan ruɗu."

"Ba zan daɗe ba. Soron da duhu, idona kuma ya fara bin na Baba. Auta, ɗan fito mana da keken nan haske."

Auta ya shiga, ya kamo kan keken ya turo. Tayar gaba ta daki dokin ƙofa, ta baya ta biyo, ƙararrawa ta yi ƙara. Baba ya ɗago kai da sauri.

Mai Sawu ya zagaya keken, ya leƙa nan ya leƙa can kamar mai neman wani abu. "To, na gani. Babban Yaya, taimaka ka mayar da shi, kada rana ta ci fentin."

Babban Yaya ya yi ƙwafa, amma ya zo. Bai ko yi tunani ba ya sunkuya, ya zura hannu ta tsakiyar keken ya saɓa a kafaɗa. Yana miƙewa ya tsaya cak. Ya sauke, ya sake ɗagawa, ya jinjina.

"Kai! Wannan ai buhun siminti ne. Keken Baba ina yaro ma da hannu ɗaya nake..." Ya juya ya dubi mahaifinsa, fuskarsa ta sauya.

Mai Sawu ya ce, "Da safe da ido ka duba, shi ya sa. Yanzu ku saurara. Dillali an riga an yi masa alkawari, ba ya bukatar sata. Mai Faci ko an ba shi kyauta ba zai iya saɓa shi ya tsallake ƙofar nan ba. Wanda ya fitar da keken Baba a kafaɗa ya fitar da shi, ga shaidar tayar a bango, sama da ta Baba. Ɗan gida ne. Babban Yaya ya saɓa wannan don ya ɗauka na Baba ne. Auta, kai da ka ce mana da safe shi ne, me ya sa ka tura shi kamar baro?"

Auta ya dubi hannuwansa, sai ya sulale ya durƙusa a gaban kujerar.

"Ina yi wa Yaya aski na ji yana cewa a zo a kwashe shi da tarkace. Baba, a kansa ka koya mini hawa. Na kasa barci. Na sayi wannan na sa aka fesa masa fenti, na ce idonka ba zai gane ba, in an zo kwasa a kwashi wannan. Naka yana ɗakina, na lulluɓe shi da bargo."

"Da aka ce na haukace fa?" in ji Baba. Muryarsa ba ta tashi ba. "Kana tsaye. Aka tambaye ka."

"Tsoro na ji, Baba."

"Keken bai yi mini ciwo ba kamar wannan 'shi ne' da ka ce. Je ka ɗauko."

*

Kafin ya dawo, Babban Yaya ya cire hula ya tsuguna, wannan ƙaton mutum yana kuka kamar yaro, yana cewa a yafe masa. Baba ya ce ya yafe, amma motar Asabar ta zo da jikoki, ta koma da su. Matar tela ta matsa kusa da Mai Faci tana cewa ita dama tun farko ba ta yarda ba. Mai Faci ya ce ya gode, Allah ya ƙara mata tunani.

Sai ga Auta ya shawo kwana. Ya tura keken a kan kwalta har ƙarshenta, da ya zo ƙasar layin ya saɓa shi, ya kawo gaban mahaifinsa ya sauke a hankali. Baba ya miƙa hannu ya lalubo bututun ya ɗalle shi da farce. Ƙarar ta tashi siririya, ta daɗe tana yawo. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga bayan, ya juya feda. Tik-tik-tik.

"Alhamdu lillahi," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Kun ji ko? Ku ce mini kun ji."

"Mun ji, Baba," layin ya amsa gaba ɗaya.

Baba ya sa Auta ya je ya ba Mai Faci haƙuri a gaban kowa, sannan ya kira shi ya kama kunnensa ya murɗa sosai.

"Sakarai. Da ka tambaya da na ba ka, don kai kaɗai ne ka ɗauko ni a wannan haukan. Mai Sawu ya ce ko da za ka sace shi, a kafaɗa ka fitar?"

"Eh, Baba."

"To ranƙwashina bai tafi a banza ba. Mayar masa da sirdinsa. Daga gobe kai za ka riƙa hawa, keke ba ya son zama. Amma nan zai riƙa kwana, kuma kullum da safe sai na ji muryarsa kafin ka fita."

Daga nan ya lalubi inda Mai Sawu yake. "Ɗan nan, ka mayar mini da gidana da hankalina a yini guda. Da me zan gode maka?"

"Baba, ai ni ke godiya. Ka manta yarinyar da aka ɗaura maka a ƙirji ranar yajin direbobi?"

Tsohon ya karkata kai yana lalube a ransa. "Taka ce? Na ɗauka ta mai gawayi ce." Aka fashe da dariya, har da masu hawaye. "To tana nan lafiya?"

"Lafiya lau. 'Ya'yanta sun cika mini gida."

"Madalla. Ka ce ta kawo su su ga keken."

Washegari Mai Sawu ya biyo ta layin da sassafe, ba don an kira shi ba. Daga soro yana jin tik-tik-tik, da muryar tsohon yana faɗa wai an cika mai a sarƙa. Da ya dawo an jima, Auta ya riga ya fita da keken, sai ya dubi ƙasa, don ido ya saba. Sabuwar lakar yayyafin asuba a gindin dokin ƙofa lumui take, ba abin da ya taɓa ta. Taku biyu gaba da ita siririn sawu ya fara, ya miƙe sak har bakin titi.